Minti Shida a Tashar Uribata

Litinin, 17 ga Yuni, 9:20 na safe

Tarago ɗaya. An bar mutum goma sha huɗu a dandamali. Jirgi ya tashi a kan lokaci.

Haka Oga Onodera, shugaban tasharmu, ya rubuta a littafin kamfani, sai dai shi ya tsallake maganar mutanen. Wai babu gurbinta a takardar. To ni ga gurbi na yi mata.

Tun ina yaro jirgin 7:12 tarago biyu ne. Yau tarago Lamba 2 ya shigo shi kaɗai yana tari, tagogi sun yi gumi, fuskokin mutanen ƙauyukan sama manne da gilashi. Mu ne tasha ta ƙarshe mai jama'a kafin birnin Kesamori, don haka kafin ya iso mana ya riga ya ƙoshi. Aikina sayar da tikiti da shara. Yau an ƙara mini da dannan mutane da kafaɗa. Na danna mutum tara.

Cikin waɗanda aka bari har da ƙanwata Mizuho. Jirgi na gaba sai 8:40, makarantarsu kuwa 8:30 ake kiran suna.

Ta zo taga ta ce, "Yaya, ba ni takardar jinkiri."

Na miƙa hannu zan ɗauko, Oga ya dafe aljihun teburin.

"Jinkirin wa?"

"Oga, ba ka ga yaran nan a tsaye ba?"

"Na gan su. Jirgi ya makara?"

"Bai makara ba."

"To me za ka ba su shaida a kai?"

Takardar sai jirgi ya makara minti biyar ko fiye ake ba da ita. A huda ta, a buga hatimi, ɗalibi ya kai wa malami, ma'aikaci ya kai wa maigidansa, shi ke nan ba laifin kowa. Jirginmu bai makara ba. Mutanen ne suka makara, suna tsaye tun 6:50.

Talata, 18 ga Yuni, 12:40 na rana

Tarago ɗaya. An bar goma sha ɗaya. A kan lokaci.

Mizuho ta shiga. Tun shida da kwata take kan layi da dunƙulen shinkafarta a hannu.

Bari in rubuta yadda abin yake don kada in manta in ina cikin fushi. Masana'antar madubin kyamara ta Kesamori ɗalibi ɗaya take ɗauka daga makarantarsu duk shekara, makaranta ce ke zaɓa, kuma ba ta tura sunan wanda ya taɓa yin fashi ko na kwana ɗaya cikin shekara uku. Latti uku daidai yake da fashin kwana ɗaya. Mizuho ta je aji da zazzaɓi, ta je da ƙafa a ɗaure. Ranar da muka ƙona gawar Inna bisa al'adarmu ma Lahadi ce. Ranar 19 ga Yuli za a rufe rajista. Jiya ta samu latti na farko a rayuwarta.

Aikin har da ɗakin kwana. Ita dai ta fita daga kwarin nan. Ni da na bar makaranta ina shekara sha shida ga inda na ƙare.

Laraba, 19 ga Yuni, 4:00 na yamma

Kamfani tarago shida gare shi, kowanne da injinsa a ƙarƙashin ciki, ƙaraminsu ya ba ni shekara ashirin. Lamba 1 da Lamba 5 sun daɗe da mutuwa, suna bayan gareji a Odagoe ana yankar namansu ana ciyar da sauran. Lamba 4 ya mutu ranar Alhamis a kan hawan Sakaue, minti arba'in da bakwai cikin ruwa da mutane a ciki. Saura uku. Shi ya sa aka soke jirgin 6:05, aka yanke wa na 7:12 wutsiya.

An manna sanarwa. Wai "saboda yanayin taragu". Layi huɗu na ban haƙuri, babu ranar gyara.

Wata mata ta karanta ta juyo ta ce, "Wa ma ke tuƙi ranar?" Ƙawarta ta taɓa ta da gwiwar hannu, suka kalle ni. Na ce musu tikitin yen ɗari huɗu da ashirin ne, tambaya kuma kyauta ce amma ba ni da canji.

Baba ne ke tuƙi ranar, tun daga nan aka sauke shi daga inji, yana dawowa gida da ƙasa a farce. Shekara talatin da ɗaya hannun nan cikin farar safar direba yake. Ban tambaya ba.

Juma'a, 21 ga Yuni, 9:05 na safe

Ɗaya. Sha uku. A kan lokaci. Ruwa.

Litinin, 24 ga Yuni, 1:15 na rana

Na bi duk hanyoyin da ake da su. Titin gindin dutse a rufe yake tun da ƙasa ta zaftare, zagayen kuwa awa biyu ne. Babur ɗina makaranta ta hana a kawo ɗalibi a kai. Abin da ya rage shi ne akori-kurar Baba, da yake fita da ita da asuba zuwa Odagoe, inda jirgin ke tasowa fanko.

Jiya wajen cin abinci na ce, "Baba, ka riƙa tafiya da ita mana. Ta shiga tun daga can, har kujera za ta samu."

Bai ɗago daga kan kifinsa ba. "Katinta daga Uribata ne."

"Sai a biya ragowar."

"'Yar direba ba ta zagaye layi. Mutane su iso su tarar da ita a zaune, 'ya'yansu a tsaye a waje?"

"Mutanen da ke zaginka a taga ta?"

Mizuho ta ce, "Yaya, ci abincinka."

Na ce, "Kamfanin nan ko kare ya yi masa shekara talatin zai ba shi ƙashi. Kai me ya ba ka? Fartanya?"

Ya ajiye tsinken cin abincinsa a jere, ya ce ya gode da abinci, ya tashi. Kafin ya kwanta na ji shi yana ɗaura agogon aljihunsa kamar kullum, ƙirit ƙirit, sau ashirin. Agogon da ba a barin sa ya yi aiki da shi.

Da ban faɗi maganar fartanya ba. To, na faɗa.

Laraba, 26 ga Yuni, 3:30 na yamma

A ɗakin jira akwai kantar littattafan da fasinjoji suka manta. A nan na yi karatuna, in ma karatu ne. Na gama na tsuntsaye, na gama na tarihin gishiri, ƙamus kuma ina harafi na tara. Yau na ɗauko wani tsohon littafin injin dizal mai warin mai. Ya ce famfon mai in ya tsufa sai ya kasa a kan hawa, ko wa ke riƙe da inji.

Ko wa ke riƙe da shi. Na ja layi a ƙarƙashi. Ban san wa zan nuna wa ba.

Alhamis, 27 ga Yuni, 9:30 na safe

Tarago ɗaya. An bar goma sha bakwai. A kan lokaci.

Latti na biyu.

Mizuho ce ta farko a layi, ƙafarta ɗaya har ta hau. Sai ga Kaka Tomiko da sandarta, mai zuwa wankin ƙoda duk Talata da Alhamis da Asabar. Wuri na mutum ɗaya ya rage. Kowa ya kalli ƙasa, ban da uwar Shingo mai kantin shinkafa, ita Mizuho ta kalla, ta kuma daɗe tana kallo. Mizuho ta sauko.

Kaka tana cewa, "A'a 'yar nan, shiga abinki, ni ƙodar nan ta saba jira."

"Shiga, Kaka."

"Kai kuma ɗan Kumagai, tura ni a hankali, ba buhun dankali ba ce."

Na tura ta a hankali. Da jirgi ya tafi na ce wa Mizuho, "Ke waliyyiya ce? Cikin mutum ashirin ke kaɗai ke da ƙafar saukowa?"

Ta ce, "Cikin mutum ashirin ni kaɗai ce 'yar wanda ake cewa ya kashe Lamba 4."

Ta zauna a benci ta buɗe littafin lissafi. Ruwa na ɗiga a shafin, ba ta goge ba.

Juma'a, 28 ga Yuni, 5:10 na yamma

Yau ba ni da aiki. Na je makarantar, na sa riga mai wuya, na rantse wa kaina zan yi magana a hankali.

Malam Horie, malamin ajinsu, ya ba ni shayi. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Na san halin da ake ciki, Kumagai. Kawo mini takarda in goge yanzu yanzu."

"Malam, kamfani ya ce jirgi bai makara ba."

"To ka gani. In na goge mata ba takarda, gobe iyaye arba'in za su zo, kowa da labarinsa."

"Labarin gaskiya ne ai."

"Ban ce ƙarya ba ne. Na ce ba shi da hatimi."

A nan rigar mai wuya ta daina aiki. Na ce masa wato in makarantar nan ta kama da wuta sai an kawo takarda kafin ya ji zafi. Na ce ashe ban yi asarar komai ba da na gudu daga wurinsu. Ya raka ni har bakin ƙofa yana rusunawa.

Mizuho ba ta yi mini magana a jirgin dawowa ba. Lamba 6 ne, fankarsa ɗaya ce ke juyawa, rufin yana yoyo daidai kujera ta uku, an ajiye bokiti.

Litinin, 1 ga Yuli, 9:00 na safe

Ɗaya. Tara. A kan lokaci. Ta shiga.

Talata, 2 ga Yuli, 2:45 na rana

Oga ya shiga ban ɗaki ya bar makulli a jikin tebur. Na zaro takarda biyu, na huda, ina neman hatimi sai na ji shi a bayana.

"Tawadar ta bushe. Sai ka hura mata."

Ya karɓe su ya yayyaga, ya zuba a aljihunsa maimakon kwandon shara.

"Kohei, makaranta waya take bugo wa ofis ta tambaya. Su ce ranar ba a makara ba. Sannan ƙanwarka ta tashi daga mai latti ta koma mai takardar jabu. Kanka na aiki kuwa?"

"Ya fi famfon Lamba 4."

Ya kusa dariya. Saura wata tara ya yi ritaya, kullum da safe yana shayar da furannin dandamali ko ana ruwa. Ya ce ba zai rubuta ni ba. Ban gode masa ba, amma na wanke masa kofi.

Laraba, 3 ga Yuli, 4:20 na yamma

An aike ni Odagoe ɗauko takardun tikiti. Na bi ta bayan gareji don in gajarta hanya.

Tsakanin Lamba 1 da Lamba 5 ciyawa ta kai gwiwa. Rabi an cire ta tas, an tara a jere. Akwai hular direba rataye a ƙusa don kada ta jiƙe. A benen ofis kuma, ɗakin da taga ke kallon layi, akwai tebur ɗaya da kujera ɗaya da tulin farar takarda, inda ake zaunar da direban da ake horo ya yi ta kwafe dokoki, duk direban da ya wuce yana gani.

Na ga Baba a durƙushe cikin ciyawar da fartanya. Bai ɗago ba. Na koma na bi ta gaba.

Juma'a, 5 ga Yuli, 9:10 na safe

Lamba 2 ya ƙi tashi, Lamba 3 ya zo a madadinsa da hayaƙi kamar ana gasa kifi. Sha biyu. A kan lokaci. Yadda suke yi su iso a kan lokaci da wannan akwalar shi ne abin da ban gane ba. Na gane mana. Kowa ya ga ɗakin mai tebur ɗaya.

Asabar, 6 ga Yuli, 3:00 na yamma

Littattafan kanta sun ƙare mini, na ɗauko kundin dokokin kamfani da Oga ke tokare taga da shi. Shafi ɗari biyu da sha huɗu. Na karanta shi kamar labarin kisan kai, ina neman wanda ya yi.

Shafi na 61. Idan jirgi ya tashi daga tasha da jinkirin minti biyar ko fiye, duk fasinjan da cunkoso ya hana shi shiga, a ba shi takarda, a huda masa lokacin jirgin da ya biyo baya.

Na karanta sau uku. Wato in an bar ka kuma jirgi ya makara, kai mutum ne. In an bar ka a kan lokaci, babu kai.

Litinin, 8 ga Yuli, 12:30 na rana

Jiya na faɗa a gida. Ba Baba nake wa magana ba, tukunyar miya nake wa.

"Minti biyar kacal. A ce wani ya yi tuntuɓe a ƙofa, ko jaka ta maƙale."

Mizuho ta ce, "Kada ka soma."

Baba ya ce, "Shafi na 61, sashe na uku."

Muka kalle shi.

"Sau tara na kwafe shi." Ya miƙa mata kwano ta ƙara masa shinkafa. Yatsansa na tsakiya ya yi kanta inda biro ke zama.

Maganar da ya yi ke nan duk daren. Ita ce mafi tsawo tun watan jiya.

Talata, 9 ga Yuli, 10:00 na safe

Ɗaya. Goma. A kan lokaci. Ta shiga da ƙyar, ni na cusa jakarta ta taga.

Na shirya. Duk ranar da ba ta samu wuri ba, zan sa ƙafa a ƙofa. In ƙofa ba ta rufe ba, inji ba ya ja. Su kore ni, aikin kwangila ne, na share dandamalin nan ya ishe ni.

Oga ya ga ina gwada takalmi a bakin ƙofar ɗakin jira. Ba wawa ba ne.

"Ka san a kan wa ake rubuta mintin?"

"A kaina."

"Kai wa? Kai ba ka da shafi a ofis. A kan direba ake rubutawa. A tambaye shi me ya sa bai tashi ba, me ya sa bai kira ba, me ya sa bai rama a hanya ba."

"To ya sha ɗakin sati biyu. Wasu ma sun sha ba su mutu ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Bakin nan naka, da ana zuba shi a tanki da mun daina sayen mai."

Alhamis, 11 ga Yuli, 2:10 na rana

Jadawalin mako mai zuwa ya iso. Litinin hutu ce. Talata zuwa Juma'a, jirgin 7:12, direba: Kumagai, wato Baba.

Oga ya manna shi ya tsaya yana gyara kusurwa. Bai juyo ba ya ce, "An sa shi ya sa hannu. Jinkiri ɗaya a kansa kafin ƙarshen shekara, ya sauka daga inji ke nan. Ban faɗa maka ba."

Na fita na share dandamalin da na share da safe.

Asabar, 13 ga Yuli, 11:00 na safe

Ba abin rubutawa.

Lahadi, 14 ga Yuli, 5:30 na yamma

Baba ya wanke safar hannu saiti uku ya shanya. Ya goge takalmi. Ya zauna a baranda da burushi yana cire ƙasar farce ɗaya bayan ɗaya. Kwaɗi sun cika fadama da surutu. Mizuho ta yi masa guga.

Kwana huɗu ne. Ta shiga sau huɗu, shi ke nan, kowa ya tsira da nasa.

Talata, 16 ga Yuli, 9:00 na safe

Ɗaya. Takwas. A kan lokaci, har da daƙiƙa. Ta shiga.

Baba ya tsayar da Lamba 2 daidai kan farin layi, ko shayi ba zai zube ba. Ya nuna sigina da yatsa ya kira ta da baki kamar yadda doka ta ce. Bai kalle ni ba. Ni ma sigina na kalla.

Laraba, 17 ga Yuli, 8:55 na safe

Ta shiga. Saura biyu.

Alhamis, 18 ga Yuli, 10:40 na safe

Bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Ba wanda ya gaya mana 'yan ƙwallon tebur na makarantar Odagoe suna da gasa a birni. Su ashirin da shida da jakunkuna. Lamba 2 ya shigo a tsugune, da na buɗe ido na ga bayan mutane ya toshe ƙofa. Oga ya roƙa a matsa, aka matsa. Wuri uku.

Masu asibiti uku ne yau: Kaka Tomiko, da tsohon mai aski, da matar da ke rako shi. Mizuho tana gaba. Ba wanda ya ce mata komai, ko uwar Shingo ba ta ɗago ba. Ta ja da baya da kanta, ta riƙe wa Kaka laima har ta hau.

7:11. Ƙafata tana taku ɗaya daga ƙofar. Na kalli Mizuho, ta girgiza mini kai. Na kalli gaban jirgi, ina hango ƙeyarsa da hula ta madubi. Na rantse ban san abin da zan yi ba. Ƙofa ta rufe, ƙafata tana inda take.

7:12. Inji bai ɗaga murya ba.

Ƙofar direba ta buɗe. Baba ya sauko da tocila da ƙaramar guduma, ya ɗauki oba-oba ya ce, kowa na ji, "Ofis, jirgi na 104 a Uribata. Na ji baƙon sauti a ƙarƙashi. Zan duba bisa shafi na 38."

Oba-oba ta yi ƙara. "Kumagai, wane irin sauti? Lamba 2 ne fa. Shekara goma yana sauti."

"Shi ya sa ya kamata a duba."

Ya sauka kan duwatsun layi cikin ruwa. Ƙafa ta farko: ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya nuna da yatsa. "Ƙafa, lafiya!" Ya matsa. "Birki, lafiya!" Bai yi sauri ba, bai kuma ja jiki ba, yadda aka rubuta haka ya yi, abin da ba direban da ya taɓa yi a layin nan don ba a barin lokacinsa. Farar safar ta koma baƙa tun a ƙafa ta biyu.

Oba-oba tana ta kira. "Kumagai, minti biyu. Kumagai, ka san takardar da ka sa wa hannu?"

"Tankin mai, lafiya!"

Wani mai kwat ya leƙo ta taga. "Malam direba, wasu fa aiki za su!"

Kaka Tomiko ta amsa daga ciki, muryarta har dandamali: "Rufe mana baki, kai ma takarda za a ba ka. Bar mutum ya duba mana jirgi."

Oga yana tsaye ƙarƙashin agogon tasha, hannu a baya, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. 7:15. 7:16. Baba ya zagaya ɗaya gefen, muna jin gudumar ba ma ganin sa. Mizuho ta riƙe hannun rigata, tun tana 'yar shekara biyar rabon da ta yi haka. 7:17 a wayata ya fito ta gaba, na ce a raina ya isa, hau mana. Ya ciro agogon aljihu ya duba, ya ɗaga kai ya dubi na tasha, ya durƙusa ya sake haska ƙarƙashin inji.

7:18 ya hau. "Ofis, an duba, ba a ga matsala ba. Jinkiri minti shida, a kan direba." Ya nuna sigina, ya kira ta, ya ja.

Oga ya shiga ofis ya buɗe aljihun tebur, ya hura wa hatimi, ya turo mini abin huda.

"Me kake jira? Shafi na 61."

Talatin da ɗaya na huda. Ta Mizuho ce ta ƙarshe, don sai da ta bari kowa ya karɓa.

Tarago ɗaya. An bar talatin da ɗaya. Jirgi ya makara.

Juma'a, 19 ga Yuli, 9:00 na safe

Wani direban ne ya zo. Ɗaya. Bakwai. A kan lokaci. Ta shiga. An rufe rajista da latti biyu.

Laraba, 24 ga Yuli, 1:00 na rana

Ruwa ya ɗauke, zafi ya sauko. Makarantu sun yi hutu, tarago ɗaya ya ishi kowa, ofis ya cire sanarwar ban haƙuri. An ce laifin famfon Lamba 4 ne, ba na direba ba, an samo wani a jikin Lamba 5. Ba wanda ya manna wannan a bango.

An mai da Baba gareji, wankin taragu. Agogon na kamfani ne, ya mayar ranar Litinin. Da dare gidan shiru, ba ƙirit ƙirit.

Juma'a, 26 ga Yuli, 6:15 na yamma

Malam Horie ya bugo da rana. Sunanta za a tura. Ya ce a gaishe ni, wai makarantar ba ta kama da wuta ba tukuna.

Mizuho ta kai wa hoton Inna shinkafa, ta daɗe a ɗakin.

Baba yana baranda yana yanke farce. Na kai masa shayin sha'ir mai sanyi, na tsaya, na rasa ta inda zan fara. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Biyar doka ta ce. Me ya kai ka shida?"

Ya kurɓi shayin.

"Agogon tasharku, da ake huda takarda da shi, yana baya da daƙiƙa arba'in. Tun bara na gaya wa Onodera."

Na zauna kusa da shi. Can ƙasa jirgin 5:50 ya wuce ta gadar fadama, tarago ɗaya. Hannunsa ya tafi aljihun ƙirji, ya tarar ba komai, ya dawo kan gwiwa.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.

Na duba wayata na faɗa masa.